RAYUWAR RAFI DA ƘWARIN DA KE CIKINSA

Duk wanda ya taɓa zuwa rafi wanki ko ɗiban ruwa ya san yashi da duwatsu da 'yan kifaye masu wulgawa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sunkuyawa su ɗaga dutse guda daga cikin ruwa mai gudu, su juya shi, su duba abin da ke manne a bayansa. In mai karatu ya gwada haka a rafi mai tsabta, zai ga waɗansu 'yan halittu suna rarrafe suna neman wurin ɓuya, waɗansu kuwa suna cikin 'yan gidaje na yashi da suka gina wa kansu. Galibinsu 'ya'yan ƙwari ne. A cikin ruwa su ke yin ƙuruciyarsu, sa'an nan su yi fiffike su tashi sama.

Manufar wannan bayani ita ce jama'a su san waɗannan ƙwari da aikin da su ke yi. Su ne abincin kifin da mu ke ci, su ne masu share rafi, su ne kuma shaidun da ke nuna ko ruwa na da lafiya ko ya lalace. Akwai ɗaya daga cikinsu da ya makantar da dubban mutane a Afirka ta Yamma, kuma yaƙin da aka yi da shi ya koya wa duniya darasi a kan yadda za a kashe mugu ba tare da an hallaka na kirki ba.

YADDA RAFI YA KE

Rafi ba wuri ɗaya ba ne daga mafarinsa har ƙarshensa. Akwai inda ruwa ke gangarowa da ƙarfi a kan duwatsu yana kumfa. Akwai gurbi mai zurfi inda ruwa ke kwance, ganyaye da laka suna taruwa a ƙasa. Akwai kuma bakin gaɓa, inda saiwoyin itatuwa da ciyayi ke jiƙe cikin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da nasa mazauna, kamar dai unguwannin gari.

Abin da ya fi raba su shi ne iskar shaƙa, wadda masana ke kira oksijin. Halittun ruwa suna bukatarta kamar yadda mu ke bukatarta, sai dai su wadda ta narke cikin ruwa su ke shaƙa. Ruwa mai gudu a kan duwatsu yana haɗiyar iska da yawa, ruwa mai kwanciya kuwa kaɗan ya ke samu. Har ila yau, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar ruwan sanyi. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 na ma'aunin santigirad ta kan riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, amma in zafin ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7 da rabi. Saboda haka rafukan ƙasashe masu zafi irin namu ba su da rarar iska mai yawa, kuma ƙazanta kaɗan ta isa ta shaƙe su.

Wannan shi ne amfanin kurmin da ke bin bakin rafi. Inuwar ɓaure da malmo da tukurwa da gora tana sanyaya ruwa, saiwoyinsu suna riƙe gaɓa kada ta zube, ganyayen da su ke zubarwa kuma abinci ne ga mazauna ruwa. Rafukan tuddai, kamar na Mambila da Obudu da Jos, sun fi na kwari sanyi, don haka a kan sami irin ƙwarin da ba su jure zafi a can. Tudun Jos yana da muhimmanci na musamman, gama daga nan ruwa ke rabuwa uku: wani ya bi Kogin Kaduna zuwa Kwara, wani ya bi Gongola da Mada zuwa Binuwai, wani kuma ya nufi Tafkin Chadi. Abin da aka yi wa ɗan rafi a kan tudu, mutanen da ke nesa ƙwarai su ne za su sha shi.

MAZAUNA DA SANA'O'INSU

Masana sun kasa ƙwarin rafi bisa ga yadda su ke samun abinci. A nan za mu kira kowanne da sunan da ya dace da halinsa.

Na farko su ne masu kankara. Duwatsun rafi su kan yi santsi saboda siririyar gansakuka da ke tsirowa a kansu, kuma akwai ƙwarin da ke kiwo a kanta kamar tumaki a makiyaya. Shahararre a cikinsu shi ne ɗan-kwana-ɗaya. Ɗansa yana da jela uku sirara, da waɗansu 'yan fale-falen abubuwa kamar ganye a gefen cikinsa, waɗanda ya ke shaƙar iska da su. Ya kan yi makonni ko watanni a ruwa. In ya yi fiffike ya fito, ba shi da bakin cin abinci, sai ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a ruwa, su mutu cikin 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu.

Na biyu su ne masu yayyaga ganye. Ganyen da ya faɗa ruwa ya kan fara laushi saboda ƙananan ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da shi, sa'an nan waɗannan su tattauna shi. Daga cikinsu akwai magini, wanda ke fitar da zare daga bakinsa ya ɗinka ƙwayoyin yashi ko guntayen itace, ya yi ɗan gida kamar bututu, yana yawo da shi duk inda za shi. A rafukan ƙasashe masu zafi, ƙaguwa da jatan lande su ma suna yin babban rabo na wannan aiki.

Na uku su ne masu tacewa. Garin ganyen da na biyu suka bari yana bin ruwa, sai waɗannan su tare shi. Wani ɗan'uwan magini ya kan saƙa ɗan taru tsakanin duwatsu, ya fuskantar da shi inda ruwa ke zuwa, ya zauna a gefe yana tsintar abin da ya kama, kamar masunci.

Na huɗu su ne mafarauta. Mazarin da yara ke bi a bakin ruwa, shi ma a cikin ruwa ya girma. Ɗansa yana da leɓen ƙasa mai tsawo wanda ke naɗe a ƙarƙashin kansa, in abin farauta ya matso sai ya harba shi ya cafko. Yana cin tsutsar sauro, yana cin talibambam. Akwai kunamar ruwa, wadda ke miƙa wani siririn bututu daga bayanta zuwa saman ruwa don ta shaƙi iska. Akwai 'yan baƙaƙen ƙwari masu sheƙi da ke kewaye-kewaye a kan ruwa, waɗanda kowane idonsu ya rabu biyu, rabi na duban sama rabi na duban ƙasa. Akwai kuma ƙwaron dutse, mai jela biyu, wanda ba a samunsa sai a ruwa mai gudu mai tsabta.

DAMINA DA RANI

A ƙasashen Turai sanyi ne ke tsara rayuwar ƙwarin rafi, da yawansu kuma sau ɗaya su ke hayayyafa a shekara. A wurinmu ruwa ba ya daskarewa, ɗumi kuma yana hanzarta girma, don haka iri ɗaya ya kan hayayyafa sau da dama cikin shekara guda. Abin da ke tsara rayuwarsu a nan shi ne cikowar ruwa da janyewarsa.

Da damina, ambaliya ta kan mirgina duwatsu ta kwashe mazauna da yawa ta yi gaba da su. Waɗanda suka tsira su ne masu shiga can cikin tsakuwa, da masu faffaɗan jiki da ke lafewa a kan dutse. Bayan ruwa ya lafa, manyan da suka yi fiffike su kan zuba sabon ƙwai, a irin waɗansu kuma matan su kan tashi su nufi sama da rafi kafin su zuba, ta haka su ke cike gurbin da ambaliya ta bari. Da rani kuwa, yawancin rafukan arewa su kan tsinke su zama 'yan kududdufai, ko su ƙafe sarai. Waɗansu ƙwari su kan nutse cikin jiƙaƙƙen yashi, waɗansu su tashi su nemi wani ruwa, waɗansu su bar ƙwai yana jiran damina.

Mafi ban mamaki a wajen jimrin fari shi ne wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro, amma ba ya cizo, wanda aka bayyana wa masana a 1951 daga arewacin Nijeriya. Sunansa na kimiyya Polypedilum vanderplanki. Tsutsarsa tana zaune a 'yan ramukan da ruwan sama ke taruwa a kan fā. In ramin ya ƙafe, ita ma sai ta bushe ƙayau, ruwan jikinta ya ragu zuwa wajen kashi 3 cikin 100. Da zarar ruwa ya sauka, cikin sa'a guda sai ta motsa ta ci gaba da cin abinci. An taɓa ajiye irin wannan tsutsa a bushe shekara 17, aka jiƙa ta, ta farfaɗo. A 2007 an kai ta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka bar ta a waje fiye da shekara guda, da aka dawo da ita ƙasa aka sa mata ruwa, da yawa suka rayu.

DAGA GANYE ZUWA TUKUNYA

Ganye ya faɗa ruwa, ƙwaro ya ci ganye, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babban kifi ya ci ƙarami, masunci ya kama babba. Kifaye da yawa, har da tarwaɗa da kurungu, suna cin 'ya'yan ƙwari, musamman lokacin da su ke ƙanana. Ƙwarin da suka tashi sama kuma su ne abincin tsattsewa da jemage da kwaɗi da gizo-gizo a bakin gaɓa.

Tafkunan da aka yi da madatsai sun nuna wannan a fili. Da aka gama madatsar Akosombo a Ghana a 1965, da ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye itatuwa masu ɗimbin yawa. Wani irin ɗan-kwana-ɗaya mai suna Povilla adusta, wanda ɗansa ke huda ruɓaɓɓen itace ya zauna ciki, ya sami gida ya yaɗu, ya zama babban abincin kifaye. Wannan ƙwaro yana bin wata: ya fi fitowa da yawa a dararen da ke bin cikar wata, ya taru a jikin fitila kamar shinge.

BAƘIN ƘUDA DA MAKANTAR KOGI

A cikin masu tacewa akwai wanda ya zame wa ɗan Adam bala'i, watau baƙin ƙuda, wanda masana ke kira Simulium damnosum. Ƙarami ne, bai kai rabin ƙudan gida ba, yana da ɗan doro. Macen tana zuba ƙwai a kan duwatsu da ciyayin da ruwa mai ƙarfi ke bugu. Tsutsar ta kan manne da gindinta, ta buɗe waɗansu abubuwa biyu a kanta masu kama da mafici, tana tace abinci daga ruwa. Daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi bai fi kwana 8 zuwa 12 ba.

Macen kaɗai ke cizo, da rana kuma ta ke yi. In ta ciji mai cuta, sai ta kwashi 'ya'yan wata tsutsa daga fatarsa, su girma a cikinta, ta zuba wa wani. Wani likita mai suna Blacklock ne ya tabbatar da haka a Saliyo a 1926. Manyan tsutsotsin su kan dunƙule a ƙarƙashin fatar mutum su yi ƙulli, su rayu shekara 10 zuwa 15, suna haihuwar dubban 'ya'ya. 'Ya'yan nan su ke jawo ƙaiƙayi mai hana barci da lalacewar fata, in kuma suka daɗe suna shiga ido sai gani ya tafi, ba ya kuwa dawowa. A kwarin Kogin Hawal da na Taraba da sauran wurare an ga ƙauyuka inda yara ke jan magidanta da sanda. A ƙasashe da dama mutane sun gudu sun bar ƙasa mai albarka ta bakin kogi, suka koma kan tudu inda ƙasa ba ta da ƙarfi.

YAƘIN DA AKA YI DA DARASINSA

Tun da tsutsar ƙudan a wuri ɗaya ta ke manne, sai aka ga ya fi sauƙi a kashe ta a ruwa da a bi ƙuda a sama. Tsakanin 1955 da 1960 an yi irin wannan aiki da maganin DDT a kogunan da ke kewaye da tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu. Ƙudan ya ragu ƙwarai, amma ya riƙa dawowa daga kogunan da ba a zuba wa magani ba. Daga baya an gane cewa iska ta kan ɗauki ƙudan nan tafiyar ɗaruruwan kilomita. DDT kuwa ba ya zaɓe, kuma yana daɗewa cikin jikin halittu.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara wani babban shiri a ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, hedkwatarsa a Wagadugu. Daga baya ƙasashen suka zama 11. Jamhuriyar Nijar da Ghana suna ciki, Nijeriya ba ta ciki. Jiragen sama suka riƙa zuba magani a wuraren ruwa mai gudu kowane mako, domin a riski tsutsa kafin ta zama ƙuda. A wani lokaci tsawon kogunan da a ke zuba wa magani ya kai wajen kilomita 50,000.

Abin lura a nan shi ne, tun da farko aka kafa wani kwamiti mai zaman kansa na masana halittu, aikinsa shi ne sa ido a kan kifi da sauran ƙwarin ruwa. A kan ƙidaya su a kai a kai, kuma ba a yarda da wani magani sai an auna ɓarnarsa ga waɗanda ba su da laifi. Da ƙudan ya fara jure maganin farko a ƙasar Kwaddibuwa a 1980, sai aka koma ga wata ƙwayar halitta ta ƙasa da a ke kira Bti, wadda ke kashe tsutsar baƙin ƙuda da ta sauro, ta bar kifi da yawancin sauran ƙwari. Magunguna masu ƙarfi kuwa aka taƙaita su ga lokacin da kogi ya cika, ana kuma sauya su. Da aka rufe shirin a 2002, Hukumar ta ƙiyasta an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma dawo da hekta miliyan 25 ta ƙasar noma. Kifin kogunan bai ƙare ba, kuma ƙwarin da suka yi ƙaranci sun riƙa dawowa bayan an daina zuba magani.

A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Yana kashe 'ya'yan tsutsar da ke fata, amma ba ya kashe manyan, shi ya sa tilas a riƙa shansa sau ɗaya ko biyu kowace shekara har manyan su mutu don kansu. Da wannan magani Nijeriya ta yi nata yaƙin. A 2018 aka ba da sanarwar cewa an katse yaɗuwar cutar a jihohin Filato da Nasarawa. A ranar 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da ita.

ABUBUWAN DA KE KASHE RAFI

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko da ke lalata rafi shi ne sare kurmi da yin noma har bakin gaɓa. Rana ta dafa ruwa, laka ta gangaro ta toshe ramukan da ke tsakanin tsakuwa, mazauna su rasa gida. Haƙar ma'adinai da kwasar yashi ba bisa ƙa'ida ba su ma haka su ke yi.

Na biyu shi ne ƙazantar gari da ta masana'antu. In najasa da jinin kwata da ruwan majema suka shiga rafi, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su kan shanye iskar da ke ciki. Jakara da Calawa a Kano sun daɗe suna fama da irin wannan.

Na uku shi ne guba. Kamun kifi da majimfa tsohuwar al'ada ce mai ɓarna, amma zuba maganin ƙwari na gona ya fi ta muni nesa ba kusa ba. Gamalin 20, wanda aka sha yin wannan aika-aika da shi, sinadarinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Guba tana kashe kifi manya da ƙanana, tana kashe abincinsu, tana kuma bin ruwa zuwa ga masu sha. Wanke tankin feshi a rafi shi ma zuba guba ne.

YADDA ZA A DUBA LAFIYAR RAFI

An ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, babu mai musu. Awon ruwa a kwalba yana nuna halin da ruwa ke ciki a ranar da aka ɗebo shi ne kawai. Ƙwarin kuwa dare da rana suna ciki, don haka shaidarsu ta makonni ce da watanni. A Afirka ta Kudu har an tsara wata hanya mai sauƙi wadda 'yan makaranta ke bi su auna kogunansu ta duban rukuni 13 na halittun ruwa.

Malamin makaranta ko malamin gona zai iya gwada irin wannan. A sami farin faranti da rariya. A je wurin da ruwa ke gudu, bai wuce gwiwa ba, a tare rariya a ƙasa, a motsa tsakuwa da ƙafa, a juye abin da aka kama cikin faranti da ɗan ruwa. In an ga iri-iri da yawa, har da masu jela uku da masu jela biyu da magina, ruwan yana da iska. In ba a ga kome ba sai jajayen tsutsotsi masu yawa cikin baƙar laka, da wata tsutsa mai doguwar jela kamar ta ɓera, to rafin ya shaƙe. Bayan an gama a mayar da su ruwa. Kada a yi wannan gwaji lokacin ambaliya, kada kuma a sa yara cikin ruwa mai kwanciya inda dodon koɗi ya yi yawa, saboda tsargiya. A tuna kuma, rafi mai ƙwari masu kyau yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki, don haka ruwan sha a tafasa shi.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU YI

A bar itatuwa da ciyayi a gaɓoɓin rafi biyu, inda aka sare kuma a sake dasawa. A gina masai nesa da ruwa. Manoma su wanke kayan feshi a gona, su zubar da ruwan wankin nesa da rafi da rijiya. Sarakunan ruwa da masu unguwanni su hana kamun kifi da guba, su kai rahoton mai yi ga hukuma. Inda baƙin ƙuda ke cizo, a sa tufafi masu rufe ƙafafu in za a yi aiki a bakin kogi, kuma kowa ya karɓi maganinsa duk lokacin da masu rabawa suka zo, ko da ba ya jin ciwon kome, sai wanda ma'aikatan lafiya suka ce kada ya sha. Kada wani ya ɗauki maganin ƙwari ya zuba a kogi da sunan kashe ƙuda, gama wannan aikin masana ne masu awo. Wanda ya ga kifi na mutuwa ko ruwa ya sauya launi, ya hanzarta sanar da ofishin ƙaramar hukumarsa.